Ciyawar Garin Su Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi mahaifiyarmu ta riga mu komawa. Ta cika a ɗakinta a Wagini wata Laraba da hantsi, bayan ta sha kunu ta ce a gyara mata shimfiɗa. Babu wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta sani ba. Abin da aka tabbatar shi ne da wayonta Nasara suka shigo Katsina, kuma ni, ɗanta na fari, yau da sanda nake tafiya.

Al'adarmu ce in tsoho ya kai irin waɗannan shekaru ya tafi, ba a tsananta kuka. Jikoki kan ɗaura zanensa, su ɗauki sandarsa, su yi ta kwaikwayon tafiyarsa har masu makoki su dara. A zaman makokin Inna babu jikan da ya taɓa sandarta. Babban ɗana, direban babbar mota, wanda ya fi kowa tsokanarta tana da rai, ya jingina da bangon zaure ya sunkuyar da kai, in an ce masa ya haƙuri sai ya gyaɗa kawai. Wata tsohuwar Bafillatana da ta daɗe tana kawo mata nono ta taho da ƙafa tun daga bakin dajin Rugu, ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta ce da matan gida, "To yanzu wa zai riƙa tsare mu da tambaya?"

Ni da ƙanena, wanda shi ke riƙe da gandun gidanmu, muna zaune a zaure muna karɓar gaisuwa. Sai wani baƙo daga Batsari, abokin aikin ɗana, ya shafa fatiha ya matso ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa kwanciya hutu ce. An dai aika wa danginta?"

Ba da wata manufa ya yi tambayar ba, tambayar da kowane mai hankali zai yi ce. Ƙanena ya dubi tabarma. Liman ya shiga jan carbi. Da shirun ya yi tsawo sai ƙanena ya ce, "Mu ne danginta."

Saboda wannan shirun nake rubutu. Yaran da ke tasowa a gidanmu za su ji an ce kakarsu ta daɗe a duniya, ta iya fura, ba ta da abokin faɗa. Duk gaskiya ne, amma bai isa ba.

Abin da ta riƙe na farkon rayuwarta ba shi da yawa. Ta tuna wani tudu mai baƙaƙen duwatsu. Ta tuna rijiya mai zurfin gaske, wadda sai da sa ake jan gugarta. Ta tuna mahaifiyarta sunkuye da lauje tana yankan wata ciyawa mai ƙamshi, ita kuma tana biye tana tattarawa, lokacin gero ya nuna a gonaki. Sai mahara suka ɓullo ta bayan tudun. Uwar ta yi ihu ta ce ta ruga, ta kuwa ruga, amma ƙafar yarinya ba ta tsere wa doki. Ba ta san sunan uwarta ba, don Inna take ce mata. Ba ta san sunan ubanta ba, don Baba ake ce masa, kuma matar kirki ba ta faɗin sunan mijinta. Garin kuwa, ita dai gida ta san ana ce masa. Ba a yi mata zane a fuska ba, balle wani ya karanta asalinta a kumatunta. Kunya da ladabin da muke taƙama da su, su ne suka rufe mata hanyar komawa.

An aza ta a raƙumi an yi ta tafiya, kullum rana tana fitowa ta hagunta. Daga wannan ne daga baya ta gane cewa daga arewa aka taho da ita. Ta ce akwai ɗan dunƙulen ciyawar nan a hannunta, ta ƙi saki har ya marmashe, ƙamshin kuma ya daɗe a tafinta. Ta bi hannuwa da yawa a kasuwanni kafin ta iso ƙasar Katsina. Zamanin ne da Sarkin Katsina ke aika gaisuwa Sakkwato kowace shekara, ƙauyukanmu na yamma kuma suna kwana cikin shingen ƙaya don tsoron harin Maraɗi, in za a yi noma sai an ɗora mai gadi a kan itace. Wani mai hali ya ba kakana ita, malami ne a Safana, a bakin wata addu'a da ya yi masa. Haka abin yake, ba zan yi masa kwalliya ba. Mahaifiyata kyauta aka bayar da ita, kamar yadda ake ba da riga.

Ba a dake ta a gidan ba, ba a kuma ɗauke ta ɗiya ba. Aikinta yankan ciyawa, ta dabbobi da ta jinka, ita da sauran bayin unguwa, a gefen Rugu, da mai baka yana tsaronsu. A can ta fara abin da ta ƙare rayuwarta tana yi. Duk ciyawar da laujenta ya kama sai ta murza ganyen ta shinshina. Wata tsohuwar baiwa ta lura, ta riƙa faɗa mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Da Nasara suka zo aka yi ta raɗe-raɗin cewa bauta ta ƙare. Waɗanda suka san garuruwansu suka ɗaure 'yan kayansu, wannan ya nufi Gwari, wancan ya nufi Adamawa. Tsohuwar nan ta ce mata, "Ke fa, yarinya? Ina ne naku, mu raka ki?" Inna ta ce, "Garinmu akwai wata ciyawa." Ta ce sai duk suka yi dariya, daga nan kuma tsohuwar ta rungume ta tana kuka. Suka tafi, ita ta zauna. Kakana ya 'yanta ta a gaban shaidu, ya aurar da ita ga ƙaramin ɗansa, mahaifinmu, wanda ya dawo da ita Wagini inda ya sari gona.

Wanda bai san Inna ba zai zaci duk ciyawa mai ƙamshi ɗaya ce a wurinta. Ko kusa. Ta kan ce gida ne guda mai ɗiya uku, kuma ta tsare ƙofar gidan nan da tsanani. In aka kawo mata gamba aka ce ai ta yi kama da su, sai ta murza ta miƙa wa mai kawowa a hanci ta ce, "Ka ji wani abu? Kama da wane ba ta wane." In aka kawo jema, wadda ake samu a fadama, sai ta ce, "Wannan ƙamshinta a saiwa yake. Maƙwabciya ce, a gaishe ta, amma ba 'yar gida ba ce." 'Yar gida ita ce wadda ƙamshinta ke cikin ganye.

Babbar ɗiya ita ce tsaure, doguwa mai faɗin ganye, wadda ake saƙa zana da ita. Ta ce wannan ta bi ruwa ta yi kudu, duk inda damina ke da ƙarfi tana nan. Ta tsakiya nobe, gajera mai siririn ganye, ba ta son laima a gindinta. Daga tuddan yashi na arewa da mu take fara yawa, ta yi ta tafiya. Auta ita ce ta garinsu, wadda ba ta san sunanta ba. Ganyenta da na nobe ba su da maraba, ƙamshin ma ɗaya ne. Bambancin yana ga kai. In nobe ta fid da kai, kan nata cunkushe yake. Na auta kuwa tsilli-tsilli ne, da farin gashi mai laushi, kuben da ya rufe shi kuma ja. Ba ta fitowa sai cikin dutse. Inna ta kan ce, "Ka murza ganye ka san gidan. Amma in ɗiyar kake son sani, sai ka jira ta fid da kai."

Ranar kasuwar Batsari ta kan kafa ƙwaryar furarta kusa da inda ake sauke raƙuma da jakuna. Baƙon da ya fito daga nesa ba ta karɓar komai a hannunsa, amma ba zai tashi ba sai ya amsa tambaya. Buzaye masu gishiri, Filani masu tafiya mashekari, fatake, 'yan cin rani, duk sun san ta. Daga ina? Ƙasarku yashi ce ko dutse? Wace ciyawa kuke jinka da ita? Kanta yaya yake? In mutum ya tafi, sai ta ɗauki kara ta zana a ƙasa, ta share wani gefe da tafin ƙafa. A haka ta share kudu gaba ɗaya. A haka ta share gabas, don fataken Damagaram sun ce tasu nobe ce zalla. Wani alhaji da ya je Makka da ƙafa ya dawo ya gaya mata cewa ƙamshin nan bai rabu da su ba a hanya, har can ƙasa mai tsarki ya tarar ana rufin ɗaki da irinta. Ranar Inna ta wuni tana murmushi. Ta ce da matan gida, "Ashe dangina har Makka." Daga baya kuma ta ce, "Gidan babba ne. Ni ɗaki guda nake nema."

Ni ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Gwaggo ce ta riƙe ni tun daga yaye. Da aka matsa wa kowane gida ya ba da yaro don karatun boko, gidan malamai ya duba ya ba da ɗan 'yantacciya, aka wuce da ni makarantar Mishan a ƙasar Zazzau. A lambun makarantar akwai wata ciyawa mai ƙamshin lemo da ake dafawa a sha. Da zan zo hutu na cire gindi guda na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na kawo na ba ƙanena ya miƙa mata, ni ina tsaye a bakin zana. Ta murza ta shinshina. Sa'an nan ta ce da ƙanena, "Gaya wa mutumin Zazzau 'yar gidan ce, bai yi kuskure ba. Amma baƙuwa ce, ta yi aure nesa." Ta dasa ta a bayan randa inda ruwa ke zuba. Ba ta taɓa fid da kai ba, ba kuma ita ake nema ba, duk da haka Inna ta yi ta rainonta shekara da shekaru, kowane baƙo sai ta nuna masa ta ce, "Wani yaro ne ya kawo mini."

Ta kai shekarun furfura kafin zanen nan da take yi a ƙasa ya ƙuntata ya koma wuri guda. Buzaye daban-daban, da ba su san juna ba, suka ba ta labari iri ɗaya: a ƙasar Adar, arewa maso yamma, bayan Madawa, akwai tuddai masu baƙin dutse da rijiyoyi masu zurfi, mutanen wurin Hausa suke ji, kuma suna yankan wata 'yar ciyawa mai ƙamshi. Ko ita ce, ko nobe ce kawai, babu wanda ya lura da kanta.

Daga nan ta fara roƙo, in har abin da take yi ya kai a kira shi roƙo. Duk shekara in gero ya nuna, sai ta tsaya a bakin ɗakinta ta dubi arewa ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Yanzu ne take fid da kai." Ƙanena kan ce, "Inna, a bari a shigar da hatsi. Da rani sai a je a natse." Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba rowa ba ce. A ƙasarmu ba a barin gona lokacin girbi. Ruwan ƙarshe na iya sauka a kan geron da aka kwantar, ga tsuntsu, ga shanu. Namijin da ya yi tafiya a lokacin, har ya mutu ana ba da labarinsa. Tafiya ta rani ce, haka muka gada, haka kowa ke yi. Ɗana direba lokacin ne motarsa ba ta hutawa da jigilar dami. Ni kuma ni ke tsayawa a kan ɗaurin dami, don ban yarda da ɗaurin kowa ba. Kowannenmu yana da hujjar da alƙali zai karɓa. In rani ya zo aka ce mata to a shirya, sai ta ce, "Yanzu kuma me za a gani?" Mu kuwa sai mu ce rigimar tsufa ce, ita ke son tafiya ita ke ƙi.

Faɗa ɗaya na san ta taɓa yi a rayuwarta, da ƙanena ta yi shi. Lokacin da ɗana direba ke neman aure a Safana, baffannin yarinyar suka zo binciken asali, kamar yadda ya kamata. Aka lissafa musu ɓangaren uba har zuwa kakana malami, suka gamsu. Sai babbansu ya ce, "Kakar yaron fa, ta wajen uba? Ɗiyar ina ce?" Ƙanena bai ko numfasa ba ya ce, "Ɗiyar Kurfi ce, gidan malamai, sai dai duk manyan sun ƙare."

Ashe tana bayan zaure tana shanya ganyen kuka. Tsufa ya ba ta izinin da ƙuruciya ba ta ba ta ba, sai ga ta a ƙofa da faifai a hannu. Ta gaida baƙi yadda ya dace, sa'an nan ta ce, "Ku gafarce ni, malamai. Ban taɓa taka Kurfi ba. Ni ɗauko ni aka yi ina yarinya, aka ba mai gidan nan na farko. Garinmu yana arewa, ban san sunanshi ba. In za ku ba da ɗiyarku, ku ba da ita kuna sane."

Baƙi suka yi sallama a gurguje. Ƙanena ya bi ta cikin gida yana rawar murya. "Inna, kin kunyata mu gaban mutane! Mi zai rage ki da shi in kin yi shiru?"

Ta ajiye faifan ta ce, "Kai auta, zauna." Bai zauna ba. Ta ce, "To tsaya. Ka ba ni garin da ba nawa ba, don ka gaji da nema mani nawa. In na karɓi Kurfi yau, gobe wa zai kai ni gida?"

An ɗaura auren daga baya, bayan an sha kai da kawowa. Amma maganar ta zauna wa ƙanena a ƙirji, ya rantse shekarar nan sai an kai ta. Aka kuwa kai ta. Bayan an shigar da gero, an shigar da dawa, an ɗaure rumbuna, an fid da zakka, rani ya tsaya sosai, sai muka sa rana. Da aka gaya mata, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga yadda ƙanena ke murna, sai ta rufe. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka."

Ɗana ya ɗauke mu a motarsa, ita da ni a gaba, ƙanena a baya kan buhuna. Da za ta hau ya ce, "Amarya, a hankali. In muka je garinku suka ce sai na sake biyan sadaki, a can zan baro ki."

Ta ce, "Ji mani ragon miji. Da wannan akwalar za ka kai ni gidanmu? Ka tsaya bayan gari kar ka ja mani abin faɗa."

"Akwala? Motar da ta san Legas?"

"Ta san Legas, amma tari take kamar ni. Gaya wa ubanka ya matsa, ya danne mani zane."

Muka bi ta Jibiya muka tsallaka iyaka, muka wuce Maraɗi. Da ta ji sunan garin ta kawar da kai daga taga har muka fita daga cikinsa. Bayan Madawa ƙasa ta fara canzawa. Yashi ya ja baya, tuddai suka taso masu kai a baje, baƙin dutse zube ko'ina kamar an watsa. Inna ta dafa gilashi da hannu biyu. A wani ƙauye muka ga sa yana jan guga, igiyar ta yi tsawon da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Tsaya." Ɗana ya tsaya, wasa ya ƙare.

Muka yi sallama da wani dattijo a gindin bagaruwa. Ya ce, "Maraba da baƙi. Mi kuka taho biɗa?" Ƙanena ya yi masa bayani a taƙaice. Dattijon ya dubi Inna ya daɗe, ya ce su ma kakanninsu sun ba su labarin hare-hare, amma ƙauyukan da aka ci suna da yawa, waɗansu ma babu su yanzu. Ya ce ciyawar kuwa akwai ta, ya tashi ya ja mu zuwa tudun.

Ba mu tarar da komai ba sai kututture. Abin da mutane ba su yanke don jinka ba, awaki da raƙuma sun gwaguye shi har ƙasa. Inna ta durƙusa a kan dutse mai zafi, ta tono wani ɗan gindi da farce, ta murza ta shinshina. Ta matsa gaba ta tono wani. Ta rarrafa ta tono na uku. Ƙanena ya ce, "Inna, ita ce?" Ta ce, "'Yar gidan ce." Ya ce, "To ai shi ke nan!" Ta ce, "Nobe ma 'yar gidan ce."

Ƙanena ya juya ga dattijon ya tambaye shi yadda kanta yake, ko kubensa ja ne. Dattijon ya sosa gemu ya ce, "Wallahi yaro, mata ka yankan ta, ni ban taɓa dubawa ba." Aka kira mata. Wata ta ce ja ne, wata ta ce fari ne, wata ta ce ya danganta da tudun. Aka zare tsinke daga jinkar wani ɗaki, kan ya riga ya kakkaɓe. Sai dattijon ya ce, cikin tausayi, "Da kun taho sa'ad da hatsi ya nuna, da tudun ga duk ita ce tsaye da kanta. Wa ya ba ku shawarar tahowa yanzu?"

Muna tsaye mu uku, manya da gemu, tsohuwa tana durƙushe a gabanmu. Can ta dafa dutse ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa. Ta juyo ta dube ni, ni ɗin da ba ta taɓa duba ido da ido ba, ta ce, "Tashi daga rana, ba ka saba ba." Wannan ce maganar farko da mahaifiyata ta yi mini ba ta bakin wani ba, kuma ban san ta sake yin wata ba.

Da muka dawo ta bi mu ɗaki ɗaki tana godiya. Ta gaya wa maƙwabta cewa 'ya'yanta sun kai ta har Adar a mota. Muka ce mata baɗi za a koma a kan lokaci. Ta ce, "A'a, ku bar shi. Hatsi ya fi." Muka karɓi wannan haƙuri nata da hannu biyu, don ya yi mana sauƙi. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, da ƙarfinta a yawancinsu. Ba ta sake tsayawa a bakin ɗaki ta dubi arewa ba, ko kuwa ta daina yi a gabanmu. Filani da suka saba da ita ta kan tsare su da tambaya kamar da, amma a kasuwa ta bar zane a ƙasa. In Buzu ya zauna ya fara ba ta labarin ciyawar ƙasarsu, sai ta ce, "Sha furarka, ɗana, hanya da nisa."

Ban san ko tudun nan shi ne nasu ba. Mai yiwuwa ta durƙusa a kan dutsen da uwarta ta taka. Mai yiwuwa kuma garinsu yana can wani wuri da ba mu ko kusanta ba. Ita kaɗai ce a duniya za ta iya rabewa, da kallo ɗaya, in an kai ta a watan da ta faɗa. Ta faɗi watan kuwa, da Hausa mai kyau, shekara bayan shekara.

Allah ya karɓi ranta gero yana kwance a gona. An girbe rabi, rabi yana tsaye ya nuna har ya sunkuya. Babu wanda ya yi shawara da wani, babu wanda ya kawo zancen ruwan ƙarshe ko tsuntsu. Aka ajiye lauje da magirbi, ɗana ya kashe motarsa a ƙofar gida, ni ban tuna da ɗauri ba. Muka zauna a zaure har aka yi sadakar bakwai, kuma duk Wagini babu wanda ya ga laifinmu.

Washegari da sassafe ƙanena ya tafi duba gona. Ya dawo ya tarar da ni da ɗana a zaure, ya tsaya bai cire takalmi ba. Na ce, "Yaya ɓarnar?"

Ya ce, "Yaya, babu."

Na ce, "Ko kaɗan?"

Ya ce, "Ko zangarniya ɗaya. Yana nan yadda muka bar shi, yana jiranmu."

Ɗana ya ɗago kai, karo na farko tun ranar jana'iza. Ya ce, "Baffa, zuwa Adar da dawowa bai kai kwanakin nan ba."

Ƙanena ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Ban hana shi kuka ba, ban kuma ba shi haƙuri ba, don ba ni da shi.

Ya Allah, Kai ka san sunan garin, Ka san sunan matar da ta ce mata ta ruga. Ka gafarta wa baiwarka, Ka yalwata mata makwanci, Ka sada ta da uwarta. Mu ba mu kai ta ba.